Muhawara: Wai Karma Ce Ta Kama Uwar Adashi?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau dai sai na yi magana, haƙurina ya ƙare. Uwar adashinmu da ta cinye mana zubi ta kashe waya tun kafin azumi, ba zan kama suna ba, ta san kanta, kuma na san ana kai mata rahoto daga nan. Jiya aka ce ɓarayi sun fasa shagonta sun yashe atamfofi tas. Ban yi murna ba, amma karma gaskiya ce. Wanda ya ci na mutane sai ya amayar tun a duniya.

Ummi Damagaram: Allah ya mayar miki da alheri Anti.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya bi miki haƙƙinki, amma ki janye kalmar nan. Karma aƙidar Hindu ce da mabiya Buddha, tafe take da imanin cewa mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa a wani jiki, abin da malamai ke kira tanasuhi. Ki duba Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100: mai mutuwa zai roƙi a mayar da shi, a ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi.

Maman Ilham: Malam ni ban san wani tanasuhi ba. Alhaki nake nufi, kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Malam Sani: To ki ce alhaki mana. Ya ƙare ne a kasuwa da sai an aro daga Indiya?

Abba Injiniya: Ku ba ni wuri, a Indiya na yi digirina. Gaskiyar Malam a nan: abin da ake kira karma a Facebook ba shi ne nasu ba. A wurinsu sakamakon aiki ba lallai ya zo a rayuwar da aka yi shi ba, yana iya jira sai haihuwa ta gaba, ko ta gaban ta gaba. Ke nan fasa shagon zai iya zama bashin wata rayuwa can da ta wuce, babu ruwansa da adashi. Kai, ko kuɗin Anti da aka cinye, za su iya cewa wani tsohon bashi take biya.

Maman Ilham: Bashin wa? Abba ka kiyaye ni. Da guminmu muka yi zubin nan.

Abba Injiniya: Anti ba ni na ce ba, aƙidarsu nake faɗa. Kuma su ba murna suke da dawowar ba. Wannan kewayen haihuwa da mutuwa samsara suke ce masa, burin mutum ya fita daga ciki gaba ɗaya. 'Yan Hindu na kiran fitar moksha, 'yan Buddha nirvana. Har aikin alheri ma dawo da kai yake yi, sai dai a wuri mai kyau. Na je Varanasi, bakin kogin Ganga. Ana shigowa da gawa a kan makarar gora, an lulluɓe ta da ƙyalle ruwan goro, mai itace yana auna wa dangi a sikeli, wuta ba ta mutuwa dare da rana. Akwai gidajen da tsofaffi ke kama ɗaki su zauna jiran ajali, don sun yi imani wanda ya mutu a garin ba zai sake dawowa ba.

Malam Sani: Iyayenka sun tura ka karatun injiniya, ka ɓige da kallon ƙona gawa.

Abba Injiniya: Malam, ai Al-Biruni ma, shahararren masanin nan Musulmi, ya zauna da malaman Hindu ya koyi yarensu, ya rubuta littafi a kan Indiya wajen shekara ta 1030. Shi ne ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, haka tanasuhi yake alamar addinin Hindu. Shi ma ɓigewa ya yi?

Malam Sani: Yanzu kai ne Al-Biruni?

Nura Kumasi: Gyara kaɗan. Kuna ta haɗa Buddha da Indiya, alhali a Lumbini aka haife shi, kuma Lumbini a Nepal take.

Abba Injiniya: Nura, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wa ya shata iyakar Nepal? A Bodh Gaya ya ce ya samu wayewa, jihar Bihar ke nan. Wa'azinsa na farko a Sarnath, kusa da Varanasi. A Kushinagar ya rasu, duk ukun a Indiya suke. Uku da ɗaya.

Nura Kumasi: Ba ƙwallo muke bugawa ba. Inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu.

Ummi Damagaram: Ni dai a finafinan Indiya na ga jarumi ya mutu ya dawo ya ɗauki fansa, kamanninsa ɗaya sak.

Abba Injiniya: Wannan don a sayar da tikiti ne ƙanwata. 'Yan Buddha ma ba su yarda akwai ruhi tabbatacce da ke ƙaura daga jiki zuwa jiki ba, nan suka rabu da 'yan Hindu. 'Yan Jain kuma, mabiya wani addinin na Indiya, sun ce karma wata ƙura ce siririya da ke manne wa rai ta yi masa nauyi, shi ya sa wasu sufayensu ke ɗaure baki da ƙyalle suna share hanya kada su taka ƙwaro.

Malam Sani: Wa ka kira sufaye? Ka janye. Ba mu lamunci a jingina sufanci ga masu bautar gumaka ba.

Nura Kumasi: Ikon Allah, yau Malam ne ke kare sufaye? Bara a nan gidan me ka ce a kan Maulidi?

Malam Sani: Ba wannan ake magana ba.

Goggo Asabe: 'Ya'yan nan kuna ta Indiya Indiya. Mu da muka taso, in mace tana wabi cewa ake yi ɗa ɗaya ne yake tafiya yana dawowa. In ta haihu a kai jaririn kan juji a ɗauko, a sa masa Ajuji ko Ajefas, wai ya ga ba a damu da shi ba ya zauna. Ba fim ne ya koya mana ba.

Malam Sani: Goggo, da girmanki, wannan camfi ne, kuma malamai sun yaƙe shi.

Hadiza Lauya: Sikila ce da zazzaɓin cizon sauro suka kwashe da yawa daga cikin yaran nan, Goggo. Ni abin da ya fi damuna da karma, an daɗe ana amfani da ita a ce wa wanda aka haifa a ƙasƙantaccen gida laifinsa ne na rayuwar baya. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ɗan Dalit ne, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. A 1956 a Nagpur ya bar Hindu ya koma addinin Buddha, shi da dubban ɗaruruwan mutanensa.

Abba Injiniya: Haka ne, amma 'yan Hindu da yawa ba su yarda da waccan fassarar ba, kuma kundin 1950 ya haramta ƙyamar. Mu nan fa? Wa ke ba wa ɗan mahauta 'yarsa cikin sauƙi?

Nura Kumasi: Ka ja bakinka, kakana Sarkin Fawa ne.

Maman Ilham: Jama'a, kuɗina fa?

Ummi Damagaram: Yaya Abba, to in mutum ya dawo a kyanwa zai tuna?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe. Taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba: Malam Sani, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kawo aya, kuma babu wanda ya iya mayar masa. Abba ya kawo labarin yawon buɗe ido mai tsawo da ba a tambaye shi ba. Maganar Nepal, Nura ne da gaskiya. Goggo uwa ce, ba ma jayayya da ita. Abin da Hadiza ta faɗa ya ƙara tabbatar da maganar Malam. Daga yau duk wanda ya rubuta karma a nan zan goge, kuma Abba, wannan gargaɗinka na farko ne kan batun mahauta.