Me za mu kira dokumentari da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Jiya na ci karo da wani tsohon gajeren dokumentari, wato fim ɗin abin da ya faru da gaske, baƙi da fari, a kan sukuwar Palio ta birnin Siena a Italiya. Sau biyu ake yin ta a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, a dandalin tsakiyar gari, bayan an zuba ƙasa a kan daɓen. Unguwannin garin 17 ne, amma dawaki 10 ke fita. Zagaye uku, ba sirdi, wajen minti ɗaya da rabi, kafin ka gyara zama an gama. Akwai wata muguwar kwana, San Martino, har katifu ake jerawa a jikin bango saboda masu cin ƙasa. Kuma ko mahayi ya faɗi, in dokin ya riga kowa shi kaɗai, unguwarsa ta ci.

Zan tura wa mahaifina, mutumin filin sukuwa ne, sai na rasa abin da zan ce na turo masa. In na ce fim, zai ɗauka wasan kwaikwayo ne, ba zai buɗe ba.

Wata malama: Ai fim ɗin tarihi muke cewa, me ya yi zafi?

Mai tambaya: Malama, ranar da aka ɗauke shi ba tarihi ba ne, sukuwar ranar ce. Tsufa ya mayar da shi tarihi. In aka ɗauki ta bana fa? Ga kuma finafinan sarakunan da, waɗanda 'yan wasa ke sa rawani su fito, su ma fim ɗin tarihi ake ce musu.

Wani dattijo: Yaro, mu majigi muka sani. Mota ta zo ƙofar fada bayan isha'i, a kafa farin ƙyalle, a nuna noma da tsafta da hawan sarki, mai fassara yana ta bayani a lasifika.

Mai tambaya: Allah ya ƙara girma, Baba. Na so majigi ƙwarai, sai dai yau sunan na'urar haskawa ne. In na ce na turo majigi a waya, dariya za a yi mini.

Wani ɗalibi: Fim ɗin gaskiya?

Malamar: A'a, wannan ya yi nauyi. Mai kyamara yana zaɓen abin da zai nuna, ko na majigin da Baba ya faɗa ai farfagandar gwamnati ce rabinsu. Ku ce fim ɗin gani-da-ido, kamar yadda ake cewa shaidar gani da ido a labarai. Kyamarar ta je wurin, ta ga dokin da ƙurarsa, ba wanda ya ce a sake.

Ɗalibin: Ya yi tsawo kaɗan, kuma kowane fim da ido ake kallo.

Mai tambaya: Idon mai ɗauka ake nufi, ɗan'uwa. Na tura da wannan sunan. Tsohon ya kalla, ya bugo yana tambaya wane marar hankali ne ya bar yara su hau ba likkafa.