Katin wasan da muka buga ya ƙi jure hannu

Assalamu alaikum. A Garwa nake, ina taimaka wa wasu matasa kurame uku da suka ƙirƙiro wasan kati a kan cinikin shanu. Dabarar jera uku daga dara suka ɗauko ta, kuma wallahi wasan ya tsaru. Buga katunan a kan takarda ne ya gagare mu.

Mun fara da kwali wajen masu fotokwafi, cikin kwana biyu gumin hannu ya cinye tawadar. Muka rufe da leda a injin zafi, sai katunan suka lanƙwashe, suna mannewa, ba sa cakuɗuwa, gefe kuma yana ɓarewa. Wata maɗaba'a a Duwala ta ce sai kwafi 500, mu ko 30 muke so na gwaji.

Don Allah wace takarda ce ake samu a Garwa ko Marwa da za ta jure gumi ba tare da leda ba?