Wane suna za mu ba "crème hydratante" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Hunturu ya shigo Damagaram, ga tambayar da na kawo muku. Abin nan da likita ke rubutawa "crème hydratante", wanda a jikin kwalaben da ke shigowa daga Kano ake rubuta "moisturizer", me za mu kira shi da Hausa?

Na san za a ce ai man shafawa ne. To, a nan gizo ke saƙa. Ina aiki a farmasi. Idan na ce wa uwa ta nemo wa ɗanta mai kirci man shafawa, tana iya shiga Kasuwar Dole ta fito da kowane iri: mai turare, mai ƙara haske, har da wanda aka zuba wa hydroquinone, sinadarin bilicin, ko clobetasol, maganin kumburi mai ƙarfi wanda yawan shafa shi ke siranta fata. Duka sunansu man shafawa. Sunan ya faɗi yadda ake amfani da abin, bai faɗi aikinsa ba, kuma jikin yaro ne ke ji.

Kafin suna, mu fahimci aikin. Saman fatarmu akwai wani ɓawo siriri, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Ginin sa irin na katangar Birni ne: matattun ƙwayoyin fata su ne tubali, wani kitse da jiki ke yi shi ne lakar da ke tsakaninsu. Ruwa yana tasowa daga cikin jiki, ya ratsa wannan ɓawo, ya bi iska. Tun 1952 wani masani a Amurka, Irvin Blank, ya nuna cewa ruwa ne ke tausasa ɓawon, ba mai ba, kuma idan ruwan ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100 sai ya yi tauri ya fara tsagewa. Daga Disamba zuwa Maris danshin iskar garin nan yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Ga sabulu mai kaifi, ga ruwan zafi da asuba, ga alwala sau biyar. Shi ne za ka ga ƙaurin yaro ya yi furu-furu har ana iya rubutu a kai da farce, dugadugan dattijo sun yi faso har zare na maƙalewa in zai sa safa.

Ke nan man ba shi ne ke shayar da fata ba. Ruwan da ke cikinta yake tsarewa. Wannan ne ya kamata sunan ya ɗauko.

Wata yayata mai sayar da kayan kwalliya a Zongo ta ce "man laushi". Yaya, sunan yana da daɗin faɗi, amma laushi sakamako ne, kuma masu man bilicin ma da laushi suke talla. Wani malamin lakwal ya kawo "man laima". Malam, ka yi kusa, sai dai da yawa za su fara tuna laimar da ake shiga in ana ruwa. "Man danshi" kuwa yana sa a zaci man ne ke kawo ruwan, har mutum ya shafa a busasshiyar fata ya jira. "Man hana bushewa" ba shi da laifi, illa dai mai fata mai maiƙo zai ce ba da shi ake ba.

Nawa zaɓin shi ne "man riƙe danshi". Ba baƙon zance ba ne, manomi ma yakan ce ƙasar fadama tana riƙe danshi. Kuma sunan da kansa yana koyar da shafawa: sai akwai danshin sannan a riƙe shi. Ka fito wanka, ka ɗan tsane jiki da tawul, ka shafa nan take jikin bai gama bushewa ba.

A ƙarƙashinsa akwai iri uku. Masu jan danshi, irin gilisarin da uriya da zuma. Masu rufe danshi, irin basilin da kakin zuma. Sai masu cike tsaga su tausasa, irin man kaɗe. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a 1872, yana tare kusan kashi 98 na ruwan da ke fita, shi ya sa har yau tsohon gwangwanin iyayenmu bai sha kaye ba. Gilisarin zalla kuwa a hunturun Zinder akwai gyara: babu danshi a iska da zai jawo, sai ya jawo na cikin fata ya fito da shi, iska ta kwashe. A ɗora masa basilin ko man kaɗe a sama.

Mai busasshiyar fata da tsofaffi, mai kauri suke so. Matashi mai maiƙo da kurajen fuska, mai ruwa-ruwa marar nauyi, ya bar man kwakwa a jiki kada ya kai shi fuska. Yaro mai kirci, a nemi marar turare marar launi, safe da yamma, ko da ƙaiƙayin ya lafa, domin yawan shafawar ne ke rage tasowarsa. In kircin ya yi ruwa ko ɓawon rawaya, a kai yaron asibiti. Faso yana jin mai uriya kashi 10 zuwa 25, da dare, a sa safa. Mai ciwon suga ya shafa ƙafa kullum amma kada ya sa a tsakanin yatsu, wurin yana jiƙewa ya ruɓe.

Abin da ya rage mini shi ne sunayen nan uku na ƙasa, musamman na ukun, don "masu cike tsaga" ya yi mini tsawo a baki. Iyayenmu mata masu harkar man kaɗe, da ma'aikatan lafiya na Mirriah da Magaria da Matameye, me kuke ce wa wannan aikin in kuna yi wa mutane bayani?