Light Brigade: ba Rundunar Haske ba ce, jama'a

1/ Daren jiya ƙanena ya kawo mini aikin makaranta a kan Lord Cardigan, hafsan sojan dokin nan na Birtaniya, wai in duba masa. Sai na ga ya rubuta cewa mutumin ya jagoranci "Rundunar Haske" a yaƙin Kirimiya. Na ce masa, kai Auta, fitila suka riƙe? Light ɗin nan ba na haske ba ne, na rashin nauyi ne. Ya ce to Yaya, me zan sa? Nan fa na yi tsit. Malamai, a taimaka.

2/ Ga mutumin a taƙaice. An haife shi a 1797, ya shiga soja a 1824. Zamanin nan da kuɗi ake sayen muƙami, shi kuwa ɗan masu akwai ne, kafin ka ce kwabo ya zama kwamanda a 1832. Tsabar takura wa hafsoshinsa ta sa aka tuɓe shi a 1834, bayan shekara biyu aka sake ba shi wata runduna. Sai 1871 aka hana cinikin muƙamin. Af, rigar sanyin nan mai maɓallai a gaba, sunansa ta ci.

3/ Cavalry dai ba gardama, sojan doki ne, kishiyar dakaru. Sojan dokin Birtaniya a yaƙin nan kashi biyu ne, Light Brigade da Heavy Brigade, to a Light da Heavy ɗin ne gizo ke saƙa.

4/ Wani ya ce "runduna mara nauyi". Wannan ai sai a ɗauka marasa kunya ake nufi. Wani malami ya ce Heavy su ne 'yan lifidi. Na so in yarda, domin ko a hawan sallah ka ga ɗan lifidi ka san nauyi, doki na tafiya da ƙyar, sai gumi. Amma Allah gafarta Malam, 'yan Heavy ɗin da suka yi karo da Rashawa a Balaklava, can Kirimiya, ba lifidi a jikinsu. Ƙarti ne a kan manyan dawaki, aikinsu su banke sahu.

5/ Don haka ga nawa: Heavy Brigade, Rundunar Ingarmu. Light Brigade, Rundunar Barade. Barde ne mai zafin nama, mai leƙen asiri da bin sawun wanda ya karaya. Da wannan kalma labarin ma ya fi fitowa. Ranar 25 ga Oktoba 1854, umarni ya zo a hargitse, aka tura barade wajen 670 su tunkari bakin igwa, tafiyar fiye da mil ɗaya cikin kwari, ana yi musu ɓarin wuta ta gaba da gefe biyu. Fiye da 100 suka kwanta dama. Cardigan na kan gaba bisa dokinsa Ronald, ya je ya dawo da ransa.

6/ Mai cewa a kira shi Madaki, a'a. Lord Lucan ne ke riƙe da sojan dokin gaba ɗaya, shi ne Madakin. Mijin ƙanwar Cardigan ne, kuma ba sa ga maciji. Cardigan Sarkin Barade kawai.

7/ Auta ya goge hasken, ya sa Barade. Ingarmun ne har yanzu Malam bai sa hannu ba.