Ma'aunin danshin akwatin tabata ya ƙi daidaita

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara a kan ma'aunin danshin akwatin da nake ajiye naɗaɗɗiyar taba, wato siga. Akwatin kyauta ce daga wani dattijo da muka yi aiki tare kafin ya yi ritaya, ya daɗe yana amfani da shi, katakon sidar da ke ciki har yanzu yana ƙanshi, kuma ba na son ya zo ziyara ya tarar na lalatar da abin da ya ba ni. Ma'aunin mai allura ne. Na jiƙa gishiri a murfin kwalba, na rufe su tare a leda, allurar ta tsaya a 68, sai na juya sukurun da ke bayansa har ta kai 75. Yanzu a cikin akwatin tana nuna 79, kuma siga biyu sun yi taushi. Ina na yi kuskure?

Amsa ta farko:
Malam, ba ka faɗi awa nawa ka bar shi ba, kuma a nan gizo yake saƙa. Gishirin da ya jiƙe kamar yashi, ba wanda ya narke ba, shi ne yake riƙe danshi a kashi 75 cikin 100, amma iskar da ke cikin leda tana buƙatar aƙalla awa 6 zuwa 8 kafin ta kai can. Idan ka yi gaggawar juya sukurun, da hannunka ka koya wa ma'aunin ƙarya. Gaskiya ma ka ajiye shi ka sayi na dijital.

Amsa ta biyu:
Ni nawa na dijital ne, yana nuna 70 alhali fumfuna ta cinye mini rabin akwati, saboda wanda ya sayar mini bai gaya mini cewa ruwan famfo ba ya yi wajen ba akwatin danshi ba, sai tatacce. Har yau ban huce ba.

Amsa ta uku:
Ka bar gishirin, ka nemi fakitin gwajin ma'aunin danshi na kamfanin Boveda, shi ma 75 yake riƙewa. Sannan ka fitar da sigar daga akwatin tukuna.

Mai tambaya:
Awa biyu na bar shi, amma ledar ƙarama ce ƙwarai, don haka ina ganin ya isa. Ma'aunin kuma ba zan jefar ba, dattijon bai taɓa yin korafi a kansa ba.

Amsa ta farko:
Ƙanƙantar leda ba ta maye gurbin lokaci, Malam. Ka sake gwajin ka bar shi ya kwana. Kada ka fitar da sigar kamar yadda aka ce, domin idan ta bushe farat ɗaya ganyen waje yakan tsage. Abin da ake nema tsakanin 65 da 72 ne, kuma zafin ɗakin kada ya wuce digiri 21 na ma'aunin Celsius da yawa, don kada ƙwai na ƙwarin taba su ƙyanƙyashe.

Mai tambaya:
Na gode. Amma idan ma'aunin ne yake ƙarya, me ya sa sigar nan biyu suka yi taushi?