Sinadarin tsami a abincin karfasa, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Kharj: Assalamu alaikum. Ina kula da tankunan karfasa a wata gona a Kharj, nan Saudiyya. Bara da zafi ya tsananta kifi ya yi ta mutuwa, ido a waje, yana juyi a ruwa. Yanzu mai kawo mana abinci ya nace in sa potassium diformate, wani sinadarin tsami, kilo 3 a kowane tan na abinci, wai yana ƙara tsamin hanji ya hana ƙwayoyin cuta sakat, kifi kuma ya yi saurin girma. Kafil, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce in ba shi amsa kafin ƙarshen wata. Wanda ya gwada a karfasa nake son ji.

Baba Tanko: Wa alaikumus salam. Ni tarwaɗa nake yi, tafarnuwa kawai nake daka musu.

Abu Hafsa: Ɗan'uwa, rufa wa kanka asiri. Ni na ruwa aka kawo min a jarka, asid ɗin formic, aka ce in fesa a abinci. Ƙwayar abincin ta jiƙe ta dagargaje, kifi ya shinshina ya juya baya, abinci ya kwanta a ƙasan tanki, gubar ammoniya ta tashi a ruwan. Injin gauraya ya yi tsatsa, hannuna ya saɓule. Mai gona bai saurari komai ba, albashina ya yanke. Wanda ya sayar min kuwa, waya a kashe.

Malam Sani Jidda: Abu Hafsa, ai ba abu ɗaya ba ne. Naka ɗanyen asid ne, nasa gishirinsa ne, gari, kuma a masana'anta ya kamata a haɗa. Amma Ɗan Kharj, fitowar ido lokacin zafi galibi ƙwayar cutar Streptococcus ce, waɗannan sinadaran kuwa sun fi tasiri kan wasu ƙwayoyin cutar irin su Aeromonas. Ka ware tanki ɗaya, ka riƙa auna nauyi.

Abu Hafsa: Malam, kifi nawa ka taɓa kiwatawa a Jidda? Karatu daban, tanki daban.

Hajiya Ummu Bilal: Riyal 18 maigidana ya sayi kilon potassium diformate ɗin.

Baba Tanko: 18? A Ƙasim 35 aka ce min. Hajiya, ko dai gishirin lemo aka ba shi?

Malam Sani Jidda: Shi ma gishirin lemon, wato citric, ana sawa, yana taimaka wa kifi cin moriyar sinadarin fosfaras da ke cikin abinci.

Na Makka: To ku zuba tsamiya mana, kifi ya fito da miyarsa 😂

Ɗan Kharj: Jama'a, kilo 3 ɗin fa, ya yi yawa ko daidai ne?

Abu Hafsa: Kai dai ka sa kafil ya rubuta cewa da izininsa aka saya. Yau kifi ya mutu ko da wuta ce ta ɗauke wa injin iska, ma'aikaci ake kamawa.

Na Makka: Wallahi. Mu ma wata uku ke nan ba albashi, ikamata, wato takardar izinin zama, ma ta ƙare. Wa ya san yadda ake shigar da ƙara a ofishin ƙwadago?