Yadda za a farfaɗo da tsohon filin wasan yara a Damagaram

Jiya da yamma a majalisarmu ta Zango, hira ta faɗa kan filin wasan yara da kayansa suka tsufa. Yawancinmu mun ce kada a tumɓuke komai lokaci guda. Lilon da iyaye suka hau suna ƙanana, a kira masu walda su sauya sarƙa, a shafa fenti, domin shi ke dawo da su tare da 'ya'yansu. Abin da tsatsa ta cinye kuwa, a cire shi, ran yaro ya fi. Wani dattijo ya dage kan inuwa: a watan Afrilu ƙarfe kan ƙona hannu, sai a dasa dogon yaro, a kafa rumfa. Sabbin kaya a riƙa kawo su ɗaya-ɗaya kafin kowace Sallah, masu aiki da sola.